Ina Jin Ka, Ci Gaba

Wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ya ga yadda ake naɗa rawanin sarki: kunnuwa biyu a tsaye, baki kuma a rufe da amawali. Da ni ke da iko, da na wajabta wannan naɗi a kan duk mai yara a ƙarƙashinsa, tun daga mai shago a Kantin Kwari har manajan banki. Iyayen gidanmu dai sun juya naɗin, baki a sake, kunnuwa a cuse cikin rawani. Na yi yaron shago, na yi aikin ofis, na ga iri-iri.

Akwai Alhaji Na-riga-ka-sani. Shi ba ya barin magana ta kai gaɓa. Ka ce, "Alhaji, jiya wani kwastoma..." sai ya tare ka: "Na sani, ragi yake nema, kar ka ba shi." Alhali so kake ka ce mutumin ya dawo da bandir uku na shadda saboda ruwa ya taɓa su a sito. Sai damina ta yi nisa ya gano kwanon siton na yoyo, ya tara yara yana kumfar baki, wai don me ba wanda ya faɗa masa.

Ƙaninsa shi ne Yallaɓai Mai-waya. Wannan ba ya katse ka, don bai ma san kana wurin ba. Ido a kan WhatsApp, babban yatsa na ta sintiri, lokaci zuwa lokaci ya ce, "Ina jin ka, ci gaba." A wani ofis da na zauna, masinja ya taɓa gwada shi. Ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, akuya ta cinye janareta." Yallaɓai ya gyaɗa kai ya ce, "To madalla, Allah ya sa albarka."

Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne Malam Za-a-duba, don shi ne mai daɗin zama. Zai ba ka kujera, ya sa a kawo maka shayi, ya kalle ka ido cikin ido, har da "ƙwarai kuwa" da "wannan gaskiya ne". Ka fito kana jin yau ka sauke nauyi, ashe maganar ta bi ta bayan kunnensa tun kafin shayin ya huce. Na san wani irinsa mai shagon atamfa. A watan Oktoba na 2022, da Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, yaronsa ya same shi da ladabi ya ce, "Alhaji, da mun nemi POS, mun buɗe wa shago asusun karɓar taransifa." Alhaji ya yaba hankalin yaro, ya ce za a duba. Aka shiga Janairun 2023 ana dubawa. Wa'adin daina karɓar tsofaffin takardun na 31 ga wata ya gabato, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, masu saye suna tsaye da kuɗinsu a cikin waya, maƙwabcin Alhaji mai karɓar taransifa na ta naɗe turmi yana miƙawa. Ƙarshenta da asusun yaron nan aka riƙa ciniki, Alhaji na zaune yana tambayarsa, "Ya shigo?" Har yau idan ana hirar lokacin, cewa yake yi Allah ne ya ba shi basirar.

Sai Oga Mai-kunne-ɗaya. Yana ji sarai, sai dai kunnen an riga an ba da shi haya. Akwai mutum guda, yawanci wanda ya fi kowa iya gaisuwa kuma ya fi kowa ƙarancin aiki, da ke shiga ofis ya turo ƙofa. Abin da akawu ya yi wata uku yana rubutawa a takarda, wannan zai rushe shi da "ai ka san halinsa, ranka ya daɗe".

Shugaba Mai-taro ba sai na tsawaita ba. Ya kira ku neman shawara da ƙarfe goma, ya yi jawabi har ladan ya kira azahar, sannan ya ce, "Akwai mai magana? To tunda babu, mun amince ke nan." A bakin ƙofarsa akwai akwatin shawarwari da makullinsa ya ɓata tun zamanin wanda ya gada.

Na taɓa ganin akasin waɗannan sau ɗaya, a kasuwar hatsi ta Dawanau. Wani dattijo ne, dillalin gero da wake, wanda bai taɓa zama a aji ba. Direba ba ya sauke kaya ya tafi sai ya zaunar da shi a kan tabarma: "Ya hanya? Me ka gani?" Ya yi shiru. In direba ya dakata, sai ya ce, "Sai kuma me?" Haka yake yi wa 'yan dako da masu awo. Daga nan yake sanin inda ruwa ya yi gardama, da inda amfani ya yi kyau, da motocin da suka nufi Maraɗi, tun kafin farashi ya motsa. Abokan sana'arsa suna raɗe-raɗin yana da malami. Ni da na zauna kusa da shi, tabarma kawai na gani da butar shayi.

Yanzu ni ma Allah ya ba ni ɗan shago da yara uku. Da na gama wannan rubutu na karanta musu, na ce kowa ya faɗi tsakaninsa da Allah a wane rukuni nake. Suka dubi juna, babban cikinsu ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, ai duk wanda ka zaɓa, shi ne."