Zuciya a hannun Majalisa

Akwai wani irin mutum a teburan mai shayi na Karaye da Rogo wanda ya ɗauki makullin zuciyarsa ya ba Majalisar Dokokin Jihar Kano ajiya.

A 2019, da Gwamna Ganduje ya ba Karaye sarki mai daraja ta ɗaya, gogan naka ya ɗinka babbar riga, baki har kunne kamar gonar auduga. A Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rushe sababbin masarautun da Ganduje ya kafa, har da ta Karaye, sai ga shi kwance, wai jikinsa ya mutu, ko fartanya ba ya iya ɗagawa, ga damina ta kawo kai. A Yuli aka dawo da masarautar a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi biyu kacal, Karaye da Rogo. Shi ma ya farfaɗo a daraja ta biyu: yana zuwa gona, amma sai rana ta take.

Ka ce, "Malam, me ya hana ka shuka da wuri?" Ya ce, "Ai ka ga halin da ake ciki."

Halin kuwa bai ƙafar da dam ɗin Challawa ba. Masunta na fita da asuba, ba wanda ya nemi izinin kakakin majalisa. Uwargidansa ma, da ba a taɓa naɗa ta komai ba, kullum ƙosanta ya ƙare kafin hantsi. Da cinikin ƙosan nan yake sayen batirin rediyo, kada a zartar da doka kan lafiyarsa bai ji ba.