Baƙuwa a Tabarmar Masu Ɗinkin Hula

A unguwannin cikin birnin Kano ba a rasa gidan da mata ke haɗuwa bayan azahar, kowacce da hularta a hannu, allura na aiki baki ma na aiki. Wata rana sai yarinya ta rako amaryar da aka kawo daga Maiduguri, wadda mijinta ke fita Kantin Kwari tun hantsi sai bayan isha, ita kuwa ta gaji da hira da rediyo. Tana yin sallama halin kowa zai fito fili.

Mai lale marhabin ce ke fara cafe ta. Za ta miƙe tsaye, ta kakkaɓe kujera 'yar tsuguno, ta aika a sayo lemo, ta jero gaisuwa tun daga gajiyar hanya (hanyar da ba ta wuce gida huɗu ba) har lafiyar mutanen Borno kaf. Zuciyarta fara ce, ba musu. Sai dai ta ɗora baiwar Allah a kan kujera alhali kowa na tabarma, idanu sun yi mata caa, lemon ma ya ƙi wucewa.

Mai binciken asali ba ta ɗaga kai daga ɗinki, amma tambayarta ba ta kuskure. "Amarya, 'yar wane gida ce a can? Ke kaɗai ce ko kin tarar da uwargida? Auren zumunci ne? Akwati nawa aka kawo?" Kafin la'asar ta gama ƙidayar dangin miji da na mata, kuma ko ta wace hanya aka bi sai ta gano cewa ƙanwar kishiyar gwaggonta ta taɓa zaman aure a Gwange, can Maiduguri. Shi ke nan, an zama 'yan uwa, gobe za ta leƙo ganin ɗaki.

Sai Malama mai gyara, wadda rabin matan unguwa a hannunta suka koya, kuma babu wadda ba ta sa kuka ba. Ita ba ta duba fuskar hula. Juya ta take yi ta leƙa ciki, inda ƙulli da ragowar zare ke tona asirin mai gaggawa. "Kin ja zaren nan da yawa, ga yadin ya tattare. Warware." Ganin baƙuwa sai ta gyara zama, ta fara darasi daga yadda ake riƙe allura, da yadda ake bin zanen da mai zane ya fitar ba tare da an ƙetare layi ba. Amarya na ta cewa "To, Hajiya", har aka ce ta nuna abin da ta taɓa yi. Ta zaro wata hula daga jaka wadda ta kai rabi, ɗinkin Bama, sukar allura ƙanana a jere har ba a ganin farin yadin. Wurin mahaifiyarta ta koya, kuma kowa a wurin ya san irin wannan ce dillalai ke wawa a kai, ita ce mai cin makonni kafin a gama guda. Malama ta juya ciki, ta juya waje, ta kai ta hasken rana, sannan ta ce, "Ba laifi. Kalar ce dai ta ɗan yi duhu."

Uwar adashi ba ta tambayi suna ba, cewa ta yi, "Hannu ɗaya za ki zuba ko biyu?" Kwasar ƙarshe kuma ta baƙuwa ce, wannan ba sai an faɗa ba. Dillaliya kuwa da jin an ce Borno ta hango turaren wuta da humra, har ta fara lissafin ribar kwalba goma.

Ni dai wadda na fi jinjina wa ita ce Bafulatanar da ke jingine da turmi. Ba sannu ba lale, sai ta ɗaga murya: "Wa ya kawo mini baiwata har gida? Ashe Barebari na iya zama wuri ɗaya?" Tsakanin Fulani da Barebari wasa ne na kaka da kakanni, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Amarya, da ke sunkuye tun shigowarta, ta ɗago ta ce, "Yaya, ke da kika baro shanu a daji, wa ya ba ki allura?" Gida ya ɗauki shewa. A nan ta sauko daga kujera ta zauna a tabarma, ba wanda ya ce ta sauko.

Akwai kuma Inna tsohuwa, wadda idonta ya daina ganin kafar allura. Ita miƙo hannu kawai ta yi ta ce, "'Yar nan, zura mini zare." Daga ranar aikin ya zama na amarya, kuma in ta makara Inna ce ke aika yaro ya ji ko lafiya.

Mai aro ce ke rufe taro. Tana da hula uku a hannu amma ba ta taɓa mallakar almakashi ba. Ana kiran magariba ta ɗauki na amarya, sabo fil daga kayan ɗaki, ta ce yanzu za ta dawo da shi. Sauran matan suka haɗa ido ba su ce uffan ba, don kowaccensu tana bin ta guda. Washegari amarya ta zo karɓa, aka ce yana wurin ƙanwar mai aron a Fagge, amma jibi in sha Allah.