Zuwa ga Hajiya Windows: In Kin Faɗi, Ki Dakata

Hajiya,

Ba faɗuwarki ce ta sa na ɗauki alƙalami ba, kowace na'ura tana tuntuɓe. Saurin tashinki ne matsalar. Tun zamanin XP a 2001 kike da halin nan: ki watso shuɗin allo ɗauke da sunan cutar, kafin mai gyara ya sa tabarau kin sake kunna kanki, kamar majinyacin da ya farfaɗo daga suma, ya kaɗe riga, ya ce wa likita lafiya lau.

A nan Tamale abin zargi yana da yawa. Ga dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, da rawar wuta, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka, ga zafin watan Maris, ga kwamfutocin gwanjo da suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema da RAM ɗinsu a gajiye. A idon mai shagon buga takardu a unguwar Aboabo duk kamarsu ɗaya: allo ya ɗauke, ya dawo. Da za ki tsaya cik, da an rarrabe. In shuɗin ya bayyana, a duba manhaja ko RAM. In allo ya mutu ba sallama, a tuhumi wuta ko zafi. Amma da kin haɗiye shaidar, sai a sayi sitabilaiza a banza, ko a goge ki ɗungurungum har da kundin ɗalibin jami'ar UDS.

Na san hujjarki. Za ki ce babbar kwamfutar banki da tsakar dare ba ta da mai danna mata maɓalli. Gaskiya ne, ita a bar ta da halinta. Ta kan tebur kuwa ga mutum zaune a gabanta. Za ki kuma ce kina ajiye rahoton faɗuwar a cikinki. To, sai kin tashi ake karanta shi. A ranar 19 ga Yuli 2024, gurɓatacciyar sabuntawar manhajar kamfanin CrowdStrike ta kayar da na'urori kimanin miliyan 8.5, da yawansu suna ta faɗuwa da tashi, tashin bai warkar da su ba.

Saboda haka kada ranki ya ɓaci in kin ga an rubuta sysdm.cpl, an shiga Advanced, an buɗe Startup and Recovery, an cire alamar da ke jikin Automatically restart. Mu ne, kuma ba za mu mayar ba.

Naki,
Wani mai kishin masu gyara