Zuwa ga Bazazzagin da Fijonsa Ta Ƙi Tashi

Bawana, labari ya iso Kano cewa Fijo 504 ɗin nan da ka gada ta yi zaman dirshan a ƙofar gida, har awaki sun mayar da ƙarƙashinta ɗakin kwana. An ce kullum sai ka tara yaran Tudun Wada su tura ka, kana hakimce cikin babbar riga kana gaisawa da mutane ta taga. Motar da a da ake haɗawa a Kakuri, nan bayan gidanku, a kamfanin da ya fara aiki tun 1975, ita ce ta gagare ka? To zauna ubangidanka ya koya maka.

Murɗa makulli ka yi shiru, ko da yake na san shiru wahala yake ba ku. In ƙas kawai ka ji, kunna fitilun gaba ka sake murɗawa. In sun dushe, batir ne ya yi sanyi, ko kansa ya yi wannan farin garin. Wanke shi da ruwan zafi, ka goge da samfefa, ka ɗaure tamau. In fitilu na nan tar, kik za ka tuhuma.

Amma an ce taka juyi take kamar za ta kama, sai ta fasa. Wannan ɗayan biyu ne, wuta ko mai, ba sammun maƙwabci ba, don haka bar turara mata hayaƙi. Zare wayar tsakiya daga kan distiributa, ka kusanta ta da jikin inji, wani ya murɗa makulli. Da filaya mai roba za ka riƙe, kada ta fizge ka mu ji ihunka daga Kwanar Ɗangora. Tartsatsi shuɗi mai ƙara ake nema. In ja ne marar ƙarfi, ko babu sam, buɗe murfin ka duba kwantak. Bakinsa kan ƙone ya yi baƙi, ratar ta matse. Goge shi, ka mayar da ratar milimita 0.4, abin da bakanike kan gwada da guntun kwali. Nan nake zargin ciwon yake. Kuma tunda na san ka fizge wayoyin fulogi gaba ɗaya cikin fushi, jerinsu 1-3-4-2 ne. Rubuta a tafin hannu.

Sai mai. Cire matatar iska, ka leƙa cikin kafireto, ka ja wayar totur. Lafiyayya za ta tsirto fetur. In ba ta tsirto ba, ko fanfo ne, ko tsohon fetur ya yi danƙo ya toshe hanya, ko kuwa, abin da ya fi kama da halinka, tankin ne wayam. In kuma warin fetur ya cika wurin, kai ka shaƙe ta da yawan taka totur. Mayar da cok, ka danne totur har ƙasa, ka murɗa.

In duk ta ƙi, kada ka wahalar da yaran mutane. Zan turo yarona da igiya ya jawo ta Ƙofar Ruwa, in biya ka kuɗin ƙarfe a kilo. Kuɗin wannan karatu kuma daga ciki zan cire.