Masu Ƙaramin Sani a Tekun Sikotland

A duk abin da ake koyo, ɗan ajin tsakiya ya fi ba malami ciwon kai. Sabon shiga yana da tsoro, saboda haka yana jin magana. Gwani ya sha ruwan gishiri ya ƙoshi, bakinsa ya mutu. Na tsakiya kuwa ya iya abin da zai kai shi nesa da gaɓa, amma abin da zai dawo da shi bai gama zama a hannunsa ba. Ƙaramin sani dai ƙuƙumi ne.

Irin waɗannan ake tarawa duk shekara tsakanin watan Yuni da Agusta a yammacin Sikotland, kudu da garin Oban, a ba kowa kayak: kwale-kwale siriri mai tsawon mita 5, faɗinsa da ƙyar ya wuce rabin mita, mutum ɗaya ke zama ciki ƙafafu a miƙe, da filafili mai baki biyu. Kowa, har da masu gemu, sai ya ɗaura wani siket na roba a ƙugu, a maƙale bakinsa a bakin ramin zama don kada ruwa ya shiga. Tanti da abinci da ruwan sha duk a cusa su cikin ramukan gaba da na baya. Dokar ƙasar ta 2003 ta ba kowa izinin kafa tanti a daji, muddin zai kwashe shararsa. Daga nan sai tsibirai: Luing, Lunga, Scarba. Kafin dare na biyu halin kowa ya fito fili.

Wanda za ka fara gani tun a wurin ajiye motoci shi ne Sarkin Kaya. Rigar ruwansa sabuwa fil, filafilinsa bai kai nauyin kwalbar lemo ba, ga oba-oba, ga na'urar nuna hanya, ga wuƙa a ƙirji, ga murhun gas iri biyu. Ya san farashin komai, kuma zai faɗa maka ko ba ka tambaya ba. Matsalarsa guda ce: bakin ramin kaya ƙarami ne, jakunkunansa kuwa manya. Sai ya zazzage komai a kan yashi, ya danna masu nauyi a hancin jirgin don nan ne wuri ya rage. Yini guda jirgin yana nitsa hanci, yana karkata inda ya ga dama, shi kuma yana zargin kamfanin da ya ƙera shi. Da magariba zai zagayo tantinka a hankali ya ce, “Ɗan'uwa, ko kana da cokali biyu?”

Malama Lissafi ba ta da wannan matsala, domin rabin kayanta takardu ne a cikin leda. Ita ce mai kula da cikowar teku da janyewarsa, abin da ke faruwa sau biyu a rana, kowace rana kuma yana jinkirta kusan minti 50. Tana duban wata fiye da mai jiran sallah, don a tsayuwar wata da daren sha huɗu ne ruwa ya fi hawa da sauka, abin da a Oban ke wuce mita 3. Ta haddace ƙa'idar kashi goma sha biyu: awa ta farko ruwa ya hau kashi 1, ta biyu 2, ta uku da ta huɗu uku-uku, sannan 2, sannan 1. Kana shan shayi za ta karanta maka. Kana wanke tukunya za ta maimaita.

In ka yi gardama sai ta zaro makaminta. A 1947 marubucin nan George Orwell, yana zaune a tsibirin Jura yana rubuta littafinsa na ƙarshe, ya kuskure lissafin ruwa ya shiga mashigin Corryvreckan da ƙaramin jirgi mai inji, ga ɗansa ɗan shekara uku a ciki. Ruwa ya fizge injin, jirgin ya kife a gindin wani dutse, masunta ne suka kwashe su. Ruwan mashigin nan yana gudun da ya kai kilomita 15 a awa, mai kayak kuwa 5 ko 6 yake yi in ya ci ya ƙoshi. Abin haushi game da Malama Lissafi shi ne kullum ita ce da gaskiya. Da tana kuskure ko sau ɗaya, da an fi son ta.

Abokin gabarta shi ne Malam Nawa. An ce a tashi ƙarfe shida ruwa na cike. Ƙarfe bakwai yana neman safarsa ɗaya. Kafin ya naɗe tanti teku ya ja da baya, ya bar fili mai duwatsu da gansakuka mai santsi, sai an haɗu mutum huɗu-huɗu a ɗauki kowane jirgi da kayansa a bi ruwan inda ya tafi. Shi ne kuma zai ce, cikin fara'a, “Kai, yau ruwan ya yi nisa!” Ana shiga teku sai kishiyarsa, Gaba-gaɗi, ya harba. Bai san inda za a je ba, burinsa dai ya riga kowa isa. Sau da yawa yakan riga kowa isa tsibirin da ba shi ake nufi ba.

Sai Ɗan Juyi. Akwai wata dabara da aka gada daga mafarautan Inuwit na Girinland: jirgi ya kife da kai, kana zaune kai a ƙasa cikin ruwa, ka share saman ruwa da filafili, ka murɗa ƙugu, ka dawo zaune, kai ne ƙarshen abin da zai fito. Ɗan Juyi ya koye ta a tafkin wanka mai ɗumi a Gilasgo, da tabarau a ido da malami tsaye a gefe, tun daga nan kuma ba shi da wata hira. Ranar da aka je mashigin Cuan, tsakanin Seil da Luing, don koyon shiga ruwa mai gudu daga ruwa mai kwanciya, malami ya ce a karkata jirgi zuwa inda ruwan ya nufa. Ɗan Juyi ya karkata zuwa inda ruwan ya fito. Ruwan nan sanyinsa digiri 12 ne ko 13, in ya bugi fuska numfashi sarƙewa yake. Aka ga filafili ya leƙo sau ɗaya, aka ga kai ya riga ƙugu fitowa, ya koma. Can sai ga mutum a gefen jirgi yana tari, siket na lilo. Da dare zai bayyana cewa laifin hular ce.

Nan Mai Ceto yake samun ranarsa. A kowane atisaye shi ne mai jawo hancin jirgin da ya kife bisa nasa, ya tsiyaye ruwa, ya riƙe ka ka hau, yana ba da umarni da babbar murya. In aka ce to, yanzu kai za ka faɗa a cece ka, sai kafaɗarsa ta motsa. Har aka dawo gashinsa bai jiƙe ba.

Akwai ƙanana da ba sa buƙatar dogon bayani. Mai Hoto, wanda ke sakin filafili daidai lokacin da igiyar ruwa ta taso. Mai Tambaya, da ke son sanin abin yi idan hazo da iska da jirgin fito da ciwon ciki suka haɗu lokaci guda. Da Mai Kunya, wanda tun da ya ji cewa bayan gida sai an haƙa rami nesa da ruwan sha da mita 30, yake ratsa rabin tsibiri da 'yar shebur a ɓoye cikin riga, ya tsugunna a bayan dutsen da Mai Hoto ya zaɓa don faɗuwar rana.

Faɗuwar ranar ma sai wajen ƙarfe goma na dare, kuma lokacin ne ƙyashin Sikotland ke fitowa aiki. Ba ya iya tashi in akwai 'yar iska, saboda haka mutanen da suka yini suna roƙon iska ta kwanta su ne ke kwana suna roƙon ta taso. Kowa ya rufe kai da raga, ana tura cokali ta ƙarƙashi. Sarkin Kaya yana da maganin shafawa iri uku, amma shi ƙyashin ya fi ci.

Goggo ce kaɗai ba ta ƙorafi. Ta haura sittin, jirginta ya koɗe, hularta ta ulu ce. A mashigin Cuan ta saita hancin jirgi a karkace, ta bar ruwan da kansa ya tsallakar da ita, ko fantsama babu. Yini guda ba ka jin muryarta, har ka ɗauka waliyyiya ce. Zauna kusa da ita bayan an ci abinci ka ji. Babu wanda ya kife, ko ya yi amai, ko ya ci cakulan ɗin jama'a a ɓoye, da ba ta gani ba. Ta kira Ɗan Juyi ta ce, “Yaro, zo nan. Hular taka ce ta ɗaga maka kai, ko kai ne ka ɗaga hular?”

Malamin kuwa kalmarsa ɗaya ce: “Da kyau.” Ka yi daidai, da kyau. Ka daki dutse, da kyau, me ka koya? In ya ce gobe za a ɗan ji motsi, ɗaure hularka. A ranar ƙarshe, ana ɗora jirage a kan tirela, ɗalibai ke zagayowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rage murya: “Malam, tsakani da Allah, kana ganin baɗi zan iya Corryvreckan?” Kowa ya samu amsa iri ɗaya, cewa za a duba yanayin iska. Malam Nawa ne kawai bai yi tambayar ba, yana can bakin ruwa yana neman makullin motar da za ta mayar da mutum biyar Oban.