Ijtihadina a Kan Murfin Fijo

Masu fentin mota sun yi ittifaƙi a kan cewa sana'arsu tana da farillai waɗanda ba a tsallakewa: a kankare tsatsa da sanfefa har ƙarfe ya fito fari, a goge maiƙo, a cike lotsa da foti, a shimfiɗa fentin ƙasa mai ruwan toka, sa'an nan a fesa launi kaɗan-kaɗan, ana saurara masa ya sha iska. To, da Allah ya ƙaddara Fijo 504 ta mahaifinmu, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta faɗo cikin rabona na gado, kuma mai fenti ya yanka mini kuɗin da ya kusa na ragon layya, sai na ga taƙlidi bai kamaci mai ilimi ba.

Na yi ƙiyasi cewa ƙofa ƙofa ce, ta gida ko ta mota, illa dai ɗaya tana tafiya. Saboda haka na kwance murfin inji da ƙofofin gaba, na jingine su a tsakar gida, na lafta musu ragowar fentin mai na ƙofar zaure da buroshi. Da na ga sawun buroshin ya fito ɓaro-ɓaro, sai na sayo shuɗin fentin mota, na tsinka shi da tina, na ɗura a tsohon famfon maganin sauro, na yi bisimilla na hau feshi. Tina kuwa, bisa ɗabi'ar da aka halicce ta da ita, ba ta zaman lafiya a kan fentin mai. Kafin in sauke hannu ta narkar da na ƙasan, murfin ya yamutse kamar wuyan kunkuru.

Lokacin hunturu ne. Iska ta taso daga gabas ta yayyafa ƙura a kan ɗanyen fenti, ta kwashe sauran feshin ta kai wa shanyar uwargida, kaza kuma ta bi ta kan ƙofar direba ta bar sa hannunta. Uwargida ta ɗaga farin mayafinta, wanda ya zama mai zanen zabo, ta ce, "Malam, wannan kuma a wane babi yake?" Na ce a babin jarrabawa.

Mai fenti ya zo, ya daɗe yana kewaya murfin, ya sa farce ya ɓamɓaro wani ɓawo mai gashin kaza a jiki, sa'an nan ya ninka kuɗin farko. Na nemi hujja. Ya ce, "Allah gafarta Malam, rabi na fenti ne, rabi na kankare fatawarka."