Biro a ciki, aiki a gindin bedi

Mu nan Safo, idan watan Afrilu ya kama, ba a tambayar inda ma'aikaci yake. Ka je biro ka tarar ƙofa a buɗe, kujera ba kowa, sai ka zagaya baya. Ga shi can gindin bedi, ya fito da tebur da hatimi, ya danne takardunsa da dutse kada iska ta kwashe. Mushen lakwal haka yake yi, malamin gona haka, mu masu zuwa neman takardar haihuwa ma can muke jeruwa a kan benci. Haka ake yi daga nan har Madarunfa, har Jiratawa da Gabi. Mun gina ɗaki da kuɗi mai yawa, itacen da ba a kashe masa ko dala ba shi ke ɗauke da aikin.

Zancen da ya tashi ke nan shekaranjiya a majalisarmu bayan la'asar, shayi yana kan wuta. Maƙwabcina mai aiki a wani biro cikin Maraɗi ya iso riga ta manne masa a baya. Ya ce shi fa daga sha biyun rana kansa ba ya ƙara ɗaukar lissafi. Rufin kwano ne, silin ya ɓarke, taga ɗaya ce ta gilas mai kallon yamma. Kilim ɗin da aka maƙala a bango kuwa sai da kuran, kuran kuma ba ya sallama idan zai tafi. Ya tuna mana Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulki. Ya ce a watannin nan ne ya gane ginin nasu ba ya numfashi da kansa, na'ura ce take hura masa rai.

Baba magini yana gefe yana jan carbi. Shekarunsa sun haura saba'in, kuma rabin zaurukan unguwarmu hannunsa ne. Na ce, "Baba, kai me ka gani?"

Ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin mai gari ya gudu daga zaurensa don zafi?"

Shiru muka yi, don ba wanda ya taɓa gani. Zaure shi ne biron kakanninmu. Nan ake shari'a, nan ake karɓar baƙo, nan ake lissafin haraji. Bango mai kauri, na tubali da laka, wanda rana za ta yini tana duka amma zafin bai isa ciki ba sai dare ya yi, lokacin kowa ya tashi. Rufin soro a sama, mai tsawo, don iska mai zafi ta hau ta bar mutane a ƙasa. Ƙofa biyu da ba su kallon juna sosai, iska ta ratsa, idon mai wucewa bai ratsa ba. Baba ya ce su da ba a koya musu da takarda ba sun san ba a ba gabas da yamma babbar taga: yamma rana ce, gabas kuma daga can hadari yake taso da ruwa mai dukan bango, shi ya sa bangon gabas ya fi cin yaɓe. Tsawon ɗaki ya miƙe daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli kudu da arewa. Wannan kaɗai, in ji shi, ya rage rabin wahala.

To me ya sa muka bari? Ni a ganina kunya ce. Mun ɗauka laka ta talaka ce, siminti na mai hali. Duk wanda ya samu kuɗin gyaɗa ko na wake, ko ɗansa ya aiko daga Legas, abin da zai fara shi ne bulo da kwano, kuma ba na ganin laifinsa, don ya gaji da yaɓe kowace shekara. Amma abin da ke ci mini rai, ginin hukuma ma da ya kamata ya nuna mana hanya ya bi wannan sawun. Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004 garuruwa suka shiga gina meri da birori, yawancinsu kamar uwa ɗaya ta haife su: akwatin siminti, kwano a kai, fili fetal a gaba.

Ƙanena da ya yi karatu a Yamai ya sa baki. Ya ce ai ba sai mun je Turai neman misali ba. A Dandaji, jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji, aka gama a 2018, kuma maginan wurin ne suka yi aikin. Kafin nan, a 2016, da Mariam aka gina gidajen da ake kira Niamey 2000 da irin wannan tubalin, a babban birni. Baba ya ce shi wanda ya sani Falke Barmu ne na Yama, magini kuma manomi, wanda ya fara masallacin garinsu a 1962 da laka, har aka ba ginin kyautar Aga Khan a 1986. Ƙanena ya ƙara da Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya gina lakwal a ƙauyensu Gando a 2001. Bai ƙi kwano ba. Ɗaga shi ya yi sama da rufin tubali, ya bar sarari a tsakani, iska tana wucewa tana kwashe zafin. Kwanon ya zama malafa, yana kare bango daga ruwa. A 2022 ya ci kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a wannan sana'a.

Nan maƙwabcina ya ɗaga hannu. Ya ce a bar tuna baya da daɗin baki. Damanar 2024 fa? Ruwan ƙarshen Agusta ya rusa gidaje a Maraɗi, an yi asarar rayuka, kwana kaɗan bayan haka tsohon masallacin Damagaram, mai shekara fiye da ɗari da hamsin, ya zube. Mu da muke bakin Gulbin Maraɗi, wa zai ajiye rajistar haihuwar gari guda a ɗakin laka?

Gaskiya ya faɗa, kuma Baba bai musa ba. Ya ce laka tana da maƙiyi biyu, ruwan da ke kwanciya a gindi da ragon mai gida. A zaɓi tudu, a yi tushe da dutse da siminti har ya kai gwiwa, a fito da bakin rufi ya yi wa bango inuwa, a gyara indararo kafin ruwan fari. Siminti na Malbaza yana da wurinsa, a ƙafa ne, ba a jiki duka ba. Sai dai ya ce gidan mutum yana da mai shi, ginin hukuma kuwa kowa yana jiran wani. Idan ba a ware kuɗin gyara a kasafin kowace shekara ba, gara kada a fara.

Inna mai fura tana tsaye da ƙwaryarta tun ɗazu. Ta ce, "Ku maza bango kawai kuke gani." Ta ce ita ranar da ta raka ƴarta wani biro da jariri a goye, sun yini ba randar ruwa, ba makewayin mata, ba inda za ta kauce ta ba yaro nono. Kuma mace guda da ke aiki a wurin haka take yini kullum. Wannan magana ta fi duk wadda muka yi nauyi. Lafiyar ma'aikaci ba ta tsaya ga sanyin ɗaki ba. Akwai rumfar masu jira, da wurin alwala da salla, da haske mai shigowa ta sama don kada ido ya mutu a kan takarda, da taga mai rufuwa gam idan ƙurar hunturu ta taso. Fanka biyu da kwamfuta ɗaya, faifan hasken rana kaɗan ya ishe su, muddin ginin bai dogara da kilim ba.

Itace kuwa ba mu da uzuri a kansa. A ƙasar Maraɗin nan ne aka fara sassaben zamani a 1983, lokacin da Tony Rinaudo da manoma suka lura kututturen da muke sarewa yana da rai, a bar masa reshe biyu ko uku ya zama itace. Gonakinmu sun cika da gawo da kalgo ta wannan hanya. Amma ranar da za a aza harsashin biro, abin da muke fara yi shi ne share fili ƙaf, sannan bayan an yanke ƙyalle a kawo ƴan dashe biyar a bar wa awaki.

Da aka kira magariba Baba ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya ce wa maƙwabcina, idan an tashi gyaran biron nasu, ya gaya wa manyansa su fara auna inda inuwar bedin take faɗuwa da azahar, su ja igiya daga nan. Maƙwabcina ya ce zai faɗa musu ranar Litinin, amma sai Baba ya zana masa a takarda.